Yadda Ake Auna da Zana Titin Tsere da Filin Ƙwallo a Ƙaramin Filin Wasa

Masu kula da ƙananan filayen wasa sun sha yin wannan tambayar: fili ɗaya ne, ana so a buga ƙwallo a tsakiyarsa, a kuma yi tsere a kewayensa, to daga ina za a fara? Daga titin tsere ake farawa. Filin ƙwallo yana da sassauci, domin doka ta yarda tsawonsa ya kama daga mita 90 zuwa 120, faɗinsa kuma daga 45 zuwa 90. Titin tsere ba ya karɓar ragi. Zagaye ɗaya mita 400 ne, kuma ƙa'idar World Athletics, hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, ta yarda ya ɗara da santimita 4 kawai, amma ba ta yarda ya gaza ko da santimita ɗaya ba. Wanda ya riga ya kafa raga kafin ya auna titi, sau da yawa sai ya dawo ya tone ta.

Don kada kalmomi su cakuɗe: "layi" shi ne farin zane, "hanya" ita ce tsakanin layuka biyu inda ɗan tsere ɗaya ke gudu, "miƙe" shi ne sashen da ba ya lanƙwasa, "cibiya" kuma ita ce ɗigon da ake kewayawa a fitar da lanƙwasa. Lissafin da ke ƙasa na fili ne na ciyawa ko ƙasa, mai hanyoyi shida, wanda ba a yi wa bakin siminti a ciki ba.

1. Auna wurin kafin ka sayi komai

Titi mai hanyoyi shida yana cin mita 172.23 a tsawo da 87.84 a faɗi. Ƙara aƙalla mita ɗaya ta kowane gefe wanda babu katanga, babu turke, babu kwata a cikinsa. Ke nan kana neman kusan mita 175 da 90. Idan wurin ya gaza, rage yawan hanyoyi, kada ka matse faɗinsu. Kowace hanya da ka cire tana mayar maka da mita 2.44 a tsawo da faɗi, don haka mai hanyoyi huɗu yana shiga cikin 167.35 da 82.96.

In da zaɓi, tsawon filin ya bi arewa da kudu, saboda kada rana ta yamma ta cika idon mai tsaron gida. Duba gangara kuma. Ƙa'ida ita ce kada karkatar titi ta gefe ta wuce santimita ɗaya a kowace mita, kuma gangarowa ta inda ake gudu kada ta wuce santimita 10 a mita 100. Lokaci mafi kyau na ganin gaskiyar fili shi ne bayan ruwan sama mai ƙarfi: inda ruwa ya kwanta, sa alama, a cike kafin a fara awo.

2. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Kana bukatar tef na ƙarfe mai mita 100, da wani mai mita 50. Sai wayar ƙarfe siririya mai mita 50, igiyar gini mai yawa, ƙusoshi masu inci shida kamar ɗari biyu, turakun ƙarfe guda goma, guduma, kwalin fenti na feshi don sa alama, da keken zana layi. In babu keken, katako biyu da aka haɗa da tazara a tsakani tare da burushi suna yin aikin, sai dai a hankali. Mutum huɗu sun isa awo, kuma a ware masa yini guda cur, fenti ya zo washegari.

Tef da keken zane ana iya aro ko haya. Abin da ke cin kuɗi a kai a kai shi ne fenti, shi ya sa ya kamata ka san yawan layin da za ka shafa. Layuka bakwai na titi sun kai kusan mita 2,950, faɗin santimita 5, wato kusan murabba'in mita 148. Layukan filin ƙwallo kusan mita 700 ne, a faɗin santimita 10 sun zama murabba'in mita 70. Duba abin da aka rubuta a jikin bokitin fenti, ka lissafa, sannan ka ninka biyu don zanen farko, domin ciyawar da ba a taɓa shafawa ba tana shan fenti sosai. Idan ana son lokutan da 'yan tsere suka yi su shiga kundin hukuma, dole a saka kuɗin safiyo a lissafi.

Hattara: kada ka yi awo da igiyar roba ko tef na yadi. Suna miƙewa idan aka ja su, kuma mutum biyu ba sa ja da ƙarfi ɗaya.

3. Kafa cibiyoyi biyu

Duk abin da zai biyo baya a kan wannan matakin ya rataya. Ja igiya ta ratsa tsakiyar wurin a tsawonsa, ka ɗaure ta tamau a turaku biyu. Nemo tsakiyarta ka buga ƙusa: nan ne za a ɗora ƙwallo a take wasa. Daga wannan ƙusar auna mita 42.195 zuwa kowane ɓangare, ka buga turken ƙarfe. Waɗannan su ne cibiyoyi biyu, kuma tsakaninsu dole ya zama mita 84.39. Auna sau biyu, mutane daban-daban, tef a kwance a ƙasa ba a rataye ba.

Da zarar an tabbatar, mayar da su na dindindin. Haƙa ɗan rami, ka tsayar da guntun bututun ƙarfe a cikin kankare, bakinsa daidai kan ɗigon, ka rufe da murfi. Badi ba sai an sake awo daga farko ba.

Hattara: cibiyoyin nan suna faɗawa ne cikin yadi na 18 na filin ƙwallo. A fili mai mita 105, cibiya tana mita 10.3 daga layin raga, kusa ƙwarai da ɗigon fanareti, wurin da aka fi tattakawa da zamewa. Kankare da bututun su nutse aƙalla santimita 10 ƙarƙashin ƙasa, a mayar da ƙasa da ciyawa a kai. Bututun da ya leƙo waje gwiwar wani zai tsaga.

4. Fitar da sukwaya

Yanzu ana neman kusurwoyi huɗu inda miƙe ke haɗuwa da lanƙwasa. Kowace tana mita 36.60 daga cibiyarta, a sukwaya (wato digiri 90) da igiyar tsakiya. Hanya mafi sauƙi ita ce ta tef biyu: riƙe ƙaramin tef a cibiyar kusa a kan 36.60, riƙe babban tef a ɗaya cibiyar a kan 91.98, inda suka haɗu nan ne kusurwar. Yi haka sau huɗu. Sannan auna tsakanin kusurwoyi biyu na gefe ɗaya, ya ba ka 84.39. In ya saɓa da fiye da santimita ɗaya ko biyu, koma baya.

Miƙa igiya daga kowace cibiya ta bi ta kan kusurwa ta wuce waje da mita takwas. A kan wannan igiyar buga ƙusoshi a waɗannan nisan daga cibiya: 36.60, 37.82, 39.04, 40.26, 41.48, 42.70, 43.92. Tazarar mita 1.22 ce, faɗin hanya ɗaya.

Me ya sa 36.60, alhali littattafai suna cewa 36.50? Saboda ba a kan layi ake auna mita 400 ba, a kan inda ƙafar ɗan tsere ke bi ne. Idan akwai bakin siminti ko na ƙarfe a ciki, mai gudu yana ɗan nisantarsa, sai a auna santimita 30 daga gare shi. Idan fenti ne kawai, santimita 20 ake aunawa. Ko ta wace hanya jimla 36.80 ce, kuma ita ce ke ba da 115.61 a kowace lanƙwasa. Haɗa lanƙwasa biyu da miƙe biyu, ka sami 400. Wanda ya ɗauki 36.50 ya zana da fenti ba tare da baki ba, titinsa ya gaza da santimita 63 a kowane zagaye. A tseren mita 5000, zagaye goma sha biyu da rabi, an ci kusan mita takwas ke nan.

5. Zana lanƙwasa da miƙe

Yi wa wayar ƙarfe zobe, ka zura a turken cibiya yadda za ta juya ba tare da ta naɗe ba. Ja ta zuwa ƙusar 36.60, ka ɗaure ƙusa ko kwalin feshi daidai wurin, sannan mutum ɗaya ya taka a hankali zuwa kusurwar da ke ɗaya gefen yana sa ɗigo duk bayan rabin mita. Wani ya bi tsakiyar wayar yana ɗaga ta daga ciyawa don kada ta maƙale. Idan ka isa ɗaya gefen, ɗigon ƙarshe ya sauka kan ƙusar da ke jira. In bai sauka ba, ko turke ya karkata ko waya ta sassauta. Maimaita ga sauran layuka shida, sannan a ɗaya cibiyar.

Miƙe ba wuya: haɗa ƙusa da takwararta da igiya. A tsawon mita 84 iska tana kaɗa igiya, don haka danne ta da ƙusa a wuri biyu ko uku bayan an hango ta daga ƙarshe an ga ta miƙe.

Hattara: alamomin nan su ne gefen waje na kowane layi. Fenti yana zama ta ciki, ɓangaren filin ƙwallo. Faɗin hanya ya haɗa da layin da ke hannun daman mai gudu, ban da na hagunsa.

6. Layin ƙarshe da wuraren tashi

Ana gudu ne hannun hagu na ciki. Mai zaune a rumfar 'yan kallo zai ga 'yan tsere suna wucewa daga hagunsa zuwa damansa, don haka layin ƙarshe yana ƙarshen miƙen da ke gaban rumfa ta dama, daidai inda lanƙwasa ke farawa. Duk tsere a nan yake ƙarewa. Ana auna nisa daga gefen baya na layin tashi zuwa gefen layin ƙarshe da ɗan tsere ke fara tarar wa.

Miƙen bai kai mita 100 ba, sai an tsawaita hanyoyinsa ta baya. Tseren mita 100 yana bukatar ƙarin 15.61, na tsallake shinge mai mita 110 yana bukatar 25.61, da mita uku a baya inda za a tsaya. Bayan layin ƙarshe a bar mita 17 a share don rage gudu. Mutane kan ajiye teburin alƙalai ko janareta a wannan wurin, kuskure ne babba.

Tseren mita 10,000 daga layin ƙarshe yake tashi, na 3000 da 5000 daga kusurwar da ke can ɗaya ɓangaren, inda mita 200 ke tashi, na 1500 kuma mita 100 gaba da layin ƙarshe. Waɗannan layin tashinsu mai lanƙwasa ne, don wanda ke waje kada a cuce shi. Yadda ake fitar da shi: jera ƙusoshi kusa da kusa a kan inda ƙafa ke bi a hanya ta ɗaya, wato 36.80 daga cibiya, har kamar mita 30 gaba. Ɗaure waya a ƙusar ƙarshe, ka kwantar da ita ta wajen ƙusoshin har zuwa wurin tashi, sannan ka ja bakinta waje a miƙe kana sa alama. Duk inda bakin ya bi, nisansa ɗaya ne.

7. Tazarar tashi a mita 200 da 400

A nan aka fi yin ɓarna. Mai hanya ta waje yana kewaya da'ira mafi faɗi, sai a ba shi gaba. A titin da ba shi da baki, kowace hanya tana gaban ta cikinta da mita 3.83 a tseren 200, da 7.67 a tseren 400. Amma wannan nisan a kan lanƙwasa ake aunawa, tef kuwa miƙewa yake. Idan ka ja tef kai tsaye ka auna 38.33 don hanya ta shida, ka ba mai ita kyautar fiye da mita ɗaya.

Ga lissafin da aka riga aka gyara don tef a miƙe. Sa ƙusa a kan layin da lanƙwasa ke farawa (layin ƙarshe ga mita 400, na kusurwar da ke can ɗaya ɓangaren ga mita 200), santimita 20 daga layin hagu na hanyar. Ja tef kai tsaye zuwa wani ɗigo a cikin hanyar, shi ma santimita 20 daga layinta na hagu.

Mita 400: hanya ta biyu 7.65, ta uku 15.23, ta huɗu 22.69, ta biyar 29.98, ta shida 37.07.
Mita 200: hanya ta biyu 3.83, ta uku 7.65, ta huɗu 11.46, ta biyar 15.24, ta shida 19.00.

Kowane layin tashi ya kalli cibiya: ja waya daga cibiya ta kan ɗigon, ka zana a jikinta.

Hattara: idan titinka yana da baki, waɗannan alƙaluman ba naka ba ne. A can hanya ta biyu tana gaba da 3.52 a 200 da 7.04 a 400, sauran ne ke ƙaruwa da 3.83 da 7.67. Idan babu baki kuma, ranar gasa a jera mazugai ko ƙananan tutoci a kan layin ciki na lanƙwasa, tazarar da ba ta wuce mita huɗu ba.

A tseren miƙa sanda na mutum huɗu mita ɗari-ɗari, ana tashi a layukan 400. Auna mita 100, 200 da 300 a kowace hanya ka sa alama. Wurin miƙa sanda mita 30 ne: 20 kafin alamar, 10 bayanta. Alamar tsakiya ita ce layin tashin 200, ba sai an sake ta ba. Tsofaffin zane-zane suna nuna mita 20, kada a kwafo su.

8. Filin ƙwallo

Yanzu zaɓi girma. Mita 105 da 68, wanda FIFA ta fi so, yana shiga, amma da ƙyar: gefe yana barin kamar mita biyu da rabi, kusurwa kuwa kusan mita ɗaya tak tsakaninta da titi. Mai bugun kwana a kan titi zai ja da baya. Ga ƙaramin fili, 100 da 64 ya fi hankali. Shi ne mafi ƙanƙanta da aka yarda da shi a wasan ƙasa da ƙasa, yana barin sama da mita huɗu a gefe, yana kuma buɗe wurin ramin tsalle da bencin 'yan canji.

Daga ƙusar tsakiya auna mita 50 kowane ɓangare a kan igiyar tsakiya, nan ne tsakiyar layin raga. Daga nan mita 32 hagu da dama. Kowace kusurwa ta kasance 59.36 daga ƙusar tsakiya. Ga mai 105 da 68, alƙaluman su ne 52.5, 34 da 62.55.

Sauran daga tsakiyar layin raga ake fitar da su. Raga faɗinta 7.32 ne tsakanin cikin turaku, tsayinta 2.44. Ƙaramin gida faɗinsa 18.32, zurfinsa 5.5. Yadi na 18 faɗinsa 40.32, zurfinsa 16.5. Ɗigon fanareti mita 11 ne daga gefen baya na layin raga zuwa tsakiyar ɗigon. Da'irar tsakiya da bakan da ke gaban yadi na 18 duk 9.15 ne, sai dai bakan daga ɗigon fanareti ake ja shi. Bakan kwana mita ɗaya. Layi ɓangare ne na wurin da ya kewaye, saboda haka awo yana tsayawa a gefen waje, fenti ya shiga ciki.

9. Shafa fenti

Yanke ciyawa tukuna, zuwa santimita biyu da rabi ko uku, ka kwashe abin da aka yanke. Shafa a kan busasshiyar ciyawa, lokacin da babu iska. Yi amfani da fentin ruwa. A kan tsurar ƙasa garin alli ya fi kamawa, musamman idan an ɗan yayyafa ruwa an daddaɓe wurin. Layukan titi santimita 5 ne. Na ƙwallo duk faɗinsu ɗaya, kada su wuce 12, kuma layin raga ya yi daidai da kaurin turke. Fara daga tsakiya ka fito waje don kada a taka ɗanyen fenti.

Hattara: kada a zuba layim na gini, yana ƙona fata da ido idan ya haɗu da gumi. Kada a ƙona layi da baƙin mai, gas ko maganin kashe ciyawa don ya daɗe. Inda ciyawa ta mutu ƙasa tana zaizayewa, layin ya koma kwari mai gurɗe ƙafa.

Ƙirga ƙusoshin da ka buga, ka ƙirga waɗanda ka cire. Ƙusa ɗaya da ta rage ta isa ta ɓata injin yankan ciyawa ko tafin ƙafar yaro.

10. Raga, ramin tsalle da wurin jifa

Raga ta zauna a cikin bututun da aka binne, yadda za a iya zare ta ranar gasar guje-guje a rufe ramin. Mai ɗaukuwa kuwa dole a ɗaure ta da ƙasa ko a danne bayanta da nauyi, ko da atisaye ake yi, domin ragar da ta kife tana kisa. Tutar kwana tsayinta aƙalla mita ɗaya da rabi, kanta ba tsini.

Dogon tsalle yana son hanyar gudu mai aƙalla mita 40, faɗin 1.22. Ramin yashi faɗinsa 2.75 zuwa 3, katakon tashi yana mita ɗaya zuwa uku kafin rami, kuma daga katako zuwa ƙarshen rami kada ya gaza mita 10. Yashi ya zo daidai da hanyar gudu, a rufe shi idan ba a aiki. Da'irar jifan dalma faɗinta 2.135 ne, a sa ta a sararin da ke bayan raga, dalma ta riƙa sauka a wajen filin ƙwallo. Don fitar da layukan jifa, auna mita 20 daga tsakiyar da'ira a kan kowane layi, tsakanin ɗigon biyu ya zama mita 12. Layukan jifan mashi da na faifai suna ratsa filin ƙwallo, saboda haka a shimfiɗa su da farin ƙyalle mai ciruwa, ba fenti ba. Bayan gasa a bi ramukan da suka bari a cike da yashi da ƙasa.

11. Sabuntawa

Lokacin da ciyawa ke tsiro da ƙarfi, layi yana dushewa bayan yanka biyu ko uku. Sabunta shi tun ana ganinsa, kuma a ja igiya kowane lokaci, domin mai bin tsohon layi da ido yana karkata kaɗan-kaɗan har yadi na 18 ya zama wani abu dabam. Sau ɗaya a shekara a buɗe cibiyoyin a sake duba 84.39 da 36.60. Hanya ta ɗaya ce ke fara lalacewa, don haka masu atisayen yau da kullum su riƙa bin ta uku zuwa waje. Rubuta duk alƙaluman nan a takarda tare da zanen filin, har da nisan kowace cibiya daga abubuwa biyu da ba sa motsi, kamar ginshiƙin rumfa da kusurwar katanga, a ajiye kwafi ɗaya a ofis, ɗaya a ɗakin kaya.